Ƙunshin Inna

Wata safiyar Laraba ce a watan Azumin Tsofaffi, shekara biyu bayan Faransa ta bar wa Aljeriya ƙasarta. Ina tsugune gaban murhu a gidanmu na unguwar Sersouf, can kudancin Aljeriya, ina iza wuta, Inna na zuba ƙullin ƙosai cikin mai, sai ta ɗago ta dube ni. Farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Baba ya rufe rumfarsa ta yadi ya kai ta wajen lokotoro, aka ce shawara ce, hanta ta gaji. Aka ce ta bar mai da kitse, ta yawaita shan ruwa mai tsabta, ta kwanta ta huta, in ba haka ba mu tashi babu uwa.

To, mai ta bari, ruwa ta sha, amma kwanciya ta gagara. Inna 'yar Damagaram ce, irin matan da ke ganin kwanciyar rana abin kunya ne. Da Baba ya sa ƙafa waje sai ka ji taɓarya, ko ka gan ta tana kankare tukunya da yashi. "Me za a ce a gida," in ji ta, "an kawo ni ƙasar mutane na zo barci?" Kullum ƙara ramewa take, har zobenta ya fara zamewa.

Akwai maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Agadas, Gwaggo Tima. Ba ta yi wa Inna faɗa ba, ba ta yi mata wa'azi ba. Da hantsi ta shigo da ƙwarya cike da kwaɓaɓɓen lalle. "Ke 'yar nan, dubi ƙafarki kamar ta mai kiwon raƙuma! Kunyata mu za ki yi a unguwa? Miƙo." Ta shafe tafin hannu da na ƙafa, ta naɗe da tsumma, ta jingina ta da bango a inuwa. Macen da ke cikin ƙunshi ai ba raguwa ba ce, ado take. Inna ta zauna, ba ta jima ba sai gyangyaɗi.

Haka aka yi ta yi. Yau Gwaggo ta ce bai kama ba, gobe ta ce gefe ɗaya ya fi duhu, matan unguwa kuwa suna karɓa-karɓa wajen daka da wanki. Ni ce hannun Inna. Na bar wasan carafke, ina ba ta kunun gero da ludayi, da dafaffiyar kabewar lambunan Tahifet, ina kai mata moɗa baki. Da farko kauda kai take, wai 'yar fari ba ta ciyar da uwa. Daga baya har takan ce, "Ƙara mini." In la'asar ta yi sanyi a kwance ƙunshi, mu taka a hankali zuwa bakin busasshen rafi mu dawo.

Kafin Layya idonta ya washe, ƙafafunta kuwa sun yi baƙi ƙirin. Ta rayu har ta goyi jikokina.

Yanzu lalle na roba ne, kafin ka sha ruwa ya bushe, mace ta miƙe ta koma aiki. Ni dai in na ga 'yata ta dawo daga buro, wajen aikinta, idonta ya faɗa, sai in zaunar da ita. Ƙwaryar lallena nake ɗaukowa.