Wawan Manomin Majigi

A zamanin Turawa ni malamin elementare ne a Karaye, saurayi mai gogaggen wando, mai ganin babu abin da zai shige masa duhu. Rubutunku na jarida kan wani mai shirya fim ɗan ƙasar Koriya ne ya tono mini wannan. Kun yabi mai ɗaukar hoto, to ga labarin wanda aka ɗauka.

Wani Bature ya zo shirya fim ɗin majigi kan gyaɗa, labarin manomi mai wayo da wawan manomi. Tafintansa abokina ne ɗan Rogo, tare muka yi makarantar Midil. Ya ce mini ana neman mai ilimi don babban matsayi. Aka sa mini tsumma, aka ce in yi barci a gindin ɗorawa, in farka in sosa ƙeya, in yi kuka a kan ruɓaɓɓiyar gyaɗa. Na yi iyakar gwanintata. Abokin nawa ya fito a mai wayon, alhali bai taɓa riƙe fartanya ba.

Fim ɗin ba shi da murya, mai bayani ke magana ta lasifika. Da motar majigi ta zo kasuwar Rogo abokin nawa ne mai bayanin, ya kira wawan da sunana har da na mahaifina. Daga nan in na juya ina rubutu a allo, sai ajin duka su kama sosa ƙeya. Iyaye suka ce ba za su ba wawa 'ya'yansu ba, aka sallame ni.

Ban zage shi ba. Yabonsa na shiga yi daga Rogo har Jajaye, ina cewa mai son gyaɗarsa ta yi albarka ya tambaye shi, shi ne malamin majigi. Na san girman kai ba zai bar shi ya ce bai sani ba. Da manoma suka tambaye shi, ya ce su bar gyaɗar a ƙasa ta ƙara ƙiba. Ƙasa ta ƙame, aka tuge harawa, 'ya'yan suka tsaya a ciki. Manoma suka yi masa ca, da ƙyar ya tsira da hularsa zuwa Kano.

Shi kam, da zan samu dama in ƙara, zan ƙara. Abin da ke ci na wani dattijon Jajaye ne da ya rabu da jakinsa a shekarar saboda asarar gyaɗar, kuma har ya rasu yana gaishe ni da ladabi. Kafin ku tsaya a ɗauke ku, ku tambayi wanda zai yi magana a kan hotonku. In kuma ramuwa ta kama, kada ku bi ta gonar wanda bai yi muku komai ba.