Wuƙar Da Ta Ƙi Barin Kube

Ko da zan manta ranar aurena, ba na jin zan manta farautar da muka fita a ranin da ya biyo bayan yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Lokacin mun gama cire albasa a Aliero, hannu ya huta, matata kuma tana da cikin fari, ba abin da take kwaɗayi sai naman daji. Ni da bakina na yi mata alkawarin gada.

Ina da wani taubashi, ɗan goggona, makanike a tashar Jega. Allah Ya jarrabce shi da son ƙera wuƙa, alhali a zuriyarmu ba wanda ya taɓa zama a maƙera. In ya tashi daga aiki sai ya hura gawayi a bayan gareji, ya yi ta dukan guntun sifirin mota har maƙwabta su yi Allah wadai. A gaskiya wadda ya yi a shekarar ta yi kyau: ƙotar ƙahon bijimi, ciki mai faɗi, ga siririn wuya kusa da ƙota. Gashin hannunsa duk ya ƙare wajen gwada mana kaifinta.

Saura kube. Maimakon ya kai wa dukawa, sai ya ce wanda ya iya ƙarfe fata ba za ta gagare shi ba. Ya karɓo fatar wutsiyar bijimi ɗanya daga wani mahauci, ya zura wuƙar a ciki, ya rataye a rana a kan kwanon gareji, ya kafa doka kada wanda ya taɓa sai ranar farauta.

Da safen da za mu fita ya ga tsohuwar wuƙata, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai wannan ko kuɓewa ba za ta yanka ba, kada in kunyata shi a gaban mutane. Na ajiye ta. Har yau in na tuna sai in ce da na tafi da ita, ko yanka ta ta yi a hannu da na gode mata.

A dajin da ke tsakanin Jega da Maiyama muka watsu, mu da sauran mafarauta. Rana ta take, sai karnuka suka taso wata gada, ta nufo inda nake ni da taubashina. Ni da ban taɓa samun abin da ya wuce zomo ba, na wurga gora, Allah Ya sa ta same ta a ƙeya. Ta faɗi tana shure-shure. Kowa ya san dokar: in ba a yanka ba kafin rai ya fita, ta zama mushe.

Na danne ta, na ce, "Kai bawana, zaro wuƙag ga!"

Ya ja. Ya sake ja. Ya sa kuben tsakanin gwiwoyinsa ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe. Sai ya dube ni a hankali ya ce, "Ta ƙiya hita."

Ashe fatar da ta bushe ta tsuke, ta kama siririn wuyan nan gam, faɗin cikin kuma ba ta inda zai wuce. Na saki gada na kama kube, shi ya kama ƙota, muka yi ta jan juna muna zagaya dabbar kamar masu kokawa. Ya sa haƙori, fatar ta fi ƙafar jaki tauri. Na ruga neman dutse mai kaifi, wurin kuwa rairayi ne zalla. Muka yi ta kiran mutane, kafin na farko ya iso da wuƙarsa gada ta miƙe ƙafa.

Wallahi sai da na ji hawaye. Mafarauta suka kewaye mu, dattijon da ke jagorantarmu ya juya wuƙar a hannunsa, ya ce lalle wannan wuƙa mai kunya ce, ba ta fita gaban baƙi. Aka ja gadata aka ba karnuka, ina tsaye ina kallo suna ci.

Da na dawo gida hannu rabbana, na tarar matata ta riga ta daka yaji ta yanka albasa. Taubashina ya biyo ni don ya ba da haƙuri. Ta saurare mu har ƙarshe, ta karɓi wuƙar ta jefa a ruwan zafi. Kafin mu idar da sallar magariba fatar ta saki, ta zare ta da yatsu biyu.

Ta ce, "To, tun da karnai sunka ci nawa, wagga ta zama tawa."

Da ita take yanka kuɓewa har yau, yaron da take ɗauke da cikinsa a lokacin kuwa yanzu shi ma yana da nasa 'ya'yan. Tun ranar na koyi cewa duk abin da zan dogara da shi, sai na zare shi na mayar tun ina gida, domin a daji gada ba ta jira.