Jirgi Mai Ƙafar Kaza

Har yau ina tambayar kaina, me Malam ya ɗanɗana a jikin ƙasa da ya fi masa albashi daɗi? Bana shekara biyu da rasuwarsa, ban samu amsa ba. Autata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Na ce mata in ta ji na yi shiru, kuka nake, ta jira ni.

Ku da kuka san shi a Ƙofar Gayan kun san halinsa. In ya je gidan mutum, bango yake fara gaisarwa. Ya shafa shi da tafin hannu, ya ɓantari ɗan yaɓe ya ɗora a harshe, sannan ya yi sallama. Ranar da aka je nema wa babban ɗanmu aure, kafin a zauna ya gaya wa uban yarinyar katangarsa ba za ta ga damina biyu ba. Da ƙyar aka ba mu. Katangar kuwa ta faɗi.

Da can masinja ne a wani ofis a Tudun Wada, da kakinsa da kekensa, saura ƙiris ya kai ga fansho. Wata Laraba ya shigo da laka har gwiwa, ya ce ya ajiye aiki. Wai sun shirya da Baba Tanko, tsohon maginin nan mai yi wa fuskar zaure zane: shi zai ɗebo ruwa, ya kwaɓa ƙasa, ya taka, ya miƙa, shekara uku ba lada, Baba kuma ya koya masa zanen. Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya huɗu! Na ce me za mu ci? Ya ce ai Baba na ba da abincin rana. Na ce har da mu biyar?

"Zan riƙa rago muku, Asabe."

Ya kuwa rago ɗin. Dambu ne, a cikin hularsa.

A ranar na rantse da Allah idona ba zai kalli zanensa ba. Na kama ɗinkin hula da suyar ƙuli-ƙuli, da su muka rayu. In za ni suna ko gaisuwa aka ce min ga aikin mijinki nan, sai in ja mayafi in dubi ɗaya gefen. Bai taɓa matsa min ba. Duk sanda ya gama wani, yana wanke ƙafa zai ce, kamar da buta yake magana, wannan a lungu kaza yake, in kin bi ta can. Ni kuma in ce ba hanyata ba ce. Shekara goma sha uku muna haka.

Da Baba Tanko ya yaye shi, na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe ya taho da ɗabi'ar. Ya ce da musaya ya samu zanen, da musaya zai bayar. Gidan mai rini ya dawo mana da zanen ɗaurawa biyu, gidan mahauci da ƙashin miya na wata uku. Wanzamin unguwarmu kuwa, ya zana masa aska da ƙaho a ƙofa, a kan zai riƙa yi masa aski har mutuwa. Ba a shekara biyu ba sanƙo ya share kan tas. Amma kowace Juma'a sai ya je ya zauna, ya tuɓe hula. Wanzami ya ce, Malam, me zan aske? Ya ce, "Kai dai jiƙa ka bi da aska. Ni da na yi naka ban bar gefe ba."

Wanda aka fi yi masa dariya a kai na wani Alhaji ne a Limancin Kona. Ya dawo daga Makka, yana son jirgin sama a zaurensa, a kan buhun masara. Malam ya yi kwana tara yana yi. Da aka sauke tsani, sai ga jirgi da ƙafafu biyu irin na kaza, har da farata. Alhaji ya ce shi da ya shiga jirgi bai ga haka ba. Malam ya ce ai shi ya sa, wanda ke ciki ina zai ga ƙafa? Abin da zai sauka ƙasa da alhazai sama da ɗari, da me zai dafe? Alhaji ya rage masarar zuwa rabi. Malam ya ce ya ji, amma ƙafar ba za ta fita ba.

Sai siminti ya shigo gari. Zauruka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, wasu damina ta cinye, wasu masu su suka rushe. Lokacin da ciwo ya kwantar da shi, kusan jirgin nan kaɗai ya rage. Wata safiya maƙwabciyata ta ce min magadan Alhaji sun sauke bulo, jibi za a rushe.

Ban gaya wa kowa ba. Na yafa mayafi da hantsi, na tafi.

Ni da na je in ga kaza. Na tarar da bango tun daga ƙasa har sama ba inda hannunsa bai bi ba, igiyoyin zane suna shiga juna suna fita, ka bi ɗaya da ido ba ka gane inda ta ƙare. A kusurwa ga shatin babban yatsansa, mai karkataccen farcen nan. Na tsaya har wani mai turin kura ya ce, Iya, ko lafiya? Shekara goma sha uku mutanen gari na kallon wannan kyauta, ni ina kallon kwata.

Na dawo na same shi ido biyu. Na zauna a bakin tabarma na ce na bi ta Limancin Kona. Ya juyo ya dube ni. Na ce ƙafafun sun yi daidai, Alhaji ne bai sani ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa ƙasar da ya so, ya sa ta yi masa sanyi. Ya yafe masa dambun hula, ni ma ya yafe min taurin kaina. Kafin la'asar ya cika, kuma bai ƙara magana ba bayan wadda ya yi min a lokacin. Dariya ya fara, tari ya tare ta, ya kamo bakin mayafina.

"Kin karya rantsuwa, Asabe, sai ki yi kaffara. Ni kam yau an biya ni."