Tasar da Ban Wanke Ba

Ranar Asabar ce, mako ɗaya bayan ƙaramar Sallah ta shekarar dubu biyu da huɗu, ganye ya gama zuba a bayan gidajenmu na High Point Road, nan ƙasar Turawa, sai ga Dije ta shigo da allon ƙyalle a hammata, da buroshi uku, da fenti irin mai mai ɗin nan da ake matsowa kamar man goge baki. Jikata ce, shekarunta goma sha ɗaya. Ni kuwa shekarata guda da barin Damagaram. An kawo ni raino, na tarar da yarinyar da in na yi mata Hausa sai ta mayar mini da Turanci. Ɗakinmu ɗaya, amma ba mu taɓa yin hira ba.

Malamarsu ta lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta ba ta hoton wani zane na Turawan da, ta ce ta kwaikwaya. Na duba. Maza huɗu sun kewaye tebur a ɗaki mai duhu, ɗaya na zuƙar lofe, ɗaya ya kifa kai, wata mace na tsiyaya musu daga buta. Na ce a raina, wurin mai shayi ne, bayin Allah sun taso daga gona a gajiye.

Ta rasa abin dama fenti, na ɗauko mata tasata. Da na ga tana ɓata jan, na karɓa, don tun ina ƙasa da ita nake taya uwata shafen ɗaki da jar ƙasa da farar ƙasa da shuni, hannuna ya san gwargwado. Tun daga ranar, in na sauke tuwo sai mu shimfiɗa jarida a baranda saboda warin, sanyi na cin yatsunmu, ni ina damawa, ita tana shafawa. Ta fara rufe ƙyallen da ruwan ƙasa, muka jira kwanaki ya sha iska, sannan inuwa, sannan fuskoki. Malamarsu ta ce, "Duhu ake fara sawa, haske sai daga ƙarshe." A barandar nan Dije ta koyi ja da baƙi da fari, har wata rana ta ce, "Kaka, ƙara ja kaɗan." Na juya fuska don kada ta ga idona.

Mako shida muka yi. Ranar da ta ɗiga hasken ƙarshe a wuyan butar, Alhaji Mamman, dattijon masallacinmu, ya zo gaishe ni. Ni, da rawar jiki, na ɗauko zanen na kai gabansa, har ina cewa kalar shayin nan ni na dama ta da hannuna. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, ai wannan gidan giya ne. Wancan da ya kifa kai, ba gajiya ba ce."

Uban Dije, ɗan farina, wanda ba na kama sunansa, yana zaune. Bai yi faɗa ba. Ya tashi ya karɓi allon, fentin bai bushe ba, babban yatsansa ya share hasken butar. Ya haɗa da buroshi da fenti ya sauka da su wurin shara. Dije ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Ni na haife shi, kalma ɗaya za ta tsayar da shi. Kunyar Alhaji ta rufe mini baki.

Ba ta sake riƙe buroshi ba. Hausar ma ta koma inda ta fito. Yanzu ta girma, tana ɗaga kwalaye a wani sito na kan titin Wendover, in ta dawo ta ce "Sannu, Kaka," ta wuce ɗaki. Tasar na nan a ƙasan akwatina, fentin ya bushe ya tsattsage, ban wanke ba. A da, mako shidan nan na ga kamar mafari ne. Ashe rabona da jikata ke nan.