Madarar Gari a Farantin Malama Hadiza

Har yau idan na tuna safiyar Talatar nan sai gabana ya faɗi. Lokacin ina babban ma'aikaci a wani ɗakin gwaje-gwaje a Gyaɗi-Gyaɗi. Soja sun daɗe da komawa bariki, amma ni halin da na koya a zamaninsu bai sake ni ba: in kaya sun ƙare, a yi dabara. Da wannan nake taƙama, har ina yi wa yara gori.

Malama Hadiza tana digirinta na uku a wurinmu. Fatar wani kwaɗo tana fitar da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Malama ta samo ƙwayar gadon da ke sa a yi sinadarin, ta dasa ta cikin wasu ƙwayoyi marasa illa don su riƙa yi mana shi. To, da yake su ma yana kashe su, sai aka haɗa shi da makunni, ba sa fara yin sa sai an ba su wani irin sukari. Ajiyar da ke firiza ta lalace sa'ad da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, saura faranti guda na irin waɗanda muke rainon ƙwayoyin a ciki. Aikina in riƙa mayar da su sabon faranti duk mako.

Ran Litinin garin da muke dafa musu abinci ya ƙare. Ban gaya wa kowa ba. Na tsallaka titi na sayo madarar gari na haɗa, kamar yadda na sha yi wa wasu ƙwayoyin. Na shuka faranti uku. Tsohon farantin kuwa funfuna ta fara cin gefensa, nan take na jefa shi tukunyar tururi mai kashe komai don kada ta yaɗu.

Washegari na buɗe injin ɗumi, farantai fes, ko ɗigo babu. Na ɗaga su a haske, na goge tabarau, na sake ɗagawa. Ina tsaye haka Malama ta shigo.

"Baba Sabo, ina kwana? Ya 'ya'yana?"

Na ce, "Malama, zauna tukuna."

Da na ambaci madara sai ta dafa tebur. "Innalillahi. Baba, ai sukarin madara shi ne makunnin. Kunna su ka yi, suka kashe kansu."

Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ta aro abinci na ainihi a wani sashe, muka kankare saman farantan muka sake shukawa, ko Allah zai sa wasu sun tsira. Kwana biyun nan tuwo bai wuce mini ba. A Adaidaita Sahu daga Darmanawa ba abin da nake sai addu'a, har direba ya tambaye ni ko mara lafiya gare ni a asibiti. Na ce masa kusan haka.

Ran Alhamis sai ga ɗigo uku sun tsiro. Na yi hamdala da ƙarfi, har masinja ya leƙo. Ita ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Bari mu ga dalilin da ya sa suka rayu." Ta gwada su. Duk ukun sun yar da gadon kwaɗon, shi ya sa ba su mutu ba. Aikin wata goma sha huɗu ya tafi.

Na ce zan je in faɗa wa shugaban sashe da bakina. Ta ce in je, na je, aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko a aikina. Wannan bai dame ni ba kamar ranar da abokan karatunta suka sa rigar kammalawa. Ina ganinsu ta taga suna hoto, ita tana gefena da farar riga tana zuba faranti.

Shi ya sa nake takura muku, ku sababbin ma'aikata. A wannan aiki dabarar da ba a faɗa ba ɓarna ce. Malama ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sau ɗaya kawai ta ce, "Baba, da ka tambaye ni, minti ɗaya ne." Ita kuwa shekara guda ta biya.