Ranar da Aka Dama Irin Baba

Mahaifina manomi ne a Toranke, kuma duk tsawon sanina da shi buri ɗaya na taɓa jin ya ambata da bakinsa. Ba gidan siminti ba ne, ba kuma shanun huɗa ba. Burinsa ya samu geron da zai nuna kafin ruwa ya ɗauke. A wajenmu damina ba ta da alkawari. Gero na fara ido sai ruwa ya yi sallama, a bar mutum da zangarniya rabi tsaba rabi iska. Baba ya ce kafin ya bar duniya sai ya bar mana irin da ba ya jiran ruwan ƙarshe.

Yadda yake yi ba wani asiri a ciki, haƙuri ne kawai. Da gero ya fara fitar da kai sai ya yayyage tsohuwar rigarsa, ya cika aljihu da ƙyallaye, ya bi gona kunya-kunya. Duk karan da ya riga 'yan'uwansa fitar da kai sai ya ɗaura masa ƙyalle. Da kaka ya bi masu ƙyallen shi kaɗai ya yanke, ya zaɓi cikakku, ya ɗaure su ya rataye a rufin ɗakin girki, inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa su. Ragowar kuma a haɗa da sauran gero a zuba a rumbu. Damina na zagayowa ya shuka na ratayen a wani yanki daban, ya sake yaga wata rigar. Haka ya yi shekara tara. Inna, mahaifiyata, ta ce ta daina ƙirga rigunan da geron nan ya ci.

Ni kuwa na yi karatu, na samu aiki a Gaya, na dawo gida da baki. Na ce masa, "Baba, wannan wahalar ta mece ce? Ana sayar da iri mai saurin nuna a leda, gobe sai in taho maka da shi."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ledar ya san gonata?"

Duk da haka ban daina yi masa dariya a ɓoye ba. Ina faɗa ne da kunya, don a lokacin gani nake na fi shi wayo.

A ranin shekara ta tara na yi aure. Matata 'yar cikin garin Gaya ce, mahaifinta malamin makaranta. Ita gero a kwano ta san shi, an auno daga kasuwa. Ta tare a gidanmu tana ta ɗoki, ba abin da take so irin a ce Baba ya yaba hannunta. Wata rana gab da bazara Inna ta tafi suna Kademi, ni ina wurin aiki, Baba yana zaure. Sai ta ce yau za ta dama masa fura tun daga tushe. Rumbu ba mai buɗe shi sai maigida, ita kuma kunya ba ta bar ta ta tambaya ba. Tana ɗaga kai a ɗakin girki ta hango wasu zangarniyoyi sun yi baƙi da kunkunniya. A ranta ta ce an manta da su ne. Ta sa sanda ta sauko da su, ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta wanke, ta daka, ta sayi nono mai kyau.

Na dawo bayan la'asar na tarar da Baba da ƙwarya a gaba, yana sha yana gyaɗa kai. Ya sa aka kira ta, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Amarya, rabona da fura irin wannan na manta. Geron ina ne?"

"Wanda aka manta a rufin ɗakin girki ne, Baba. Ya yi baƙi, amma na wanke shi tas."

Ludayin ya tsaya a hannunsa. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Baba ya kai ludayin baki, ya ci gaba da sha har ya ga ƙasan ƙwarya, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ta tashi tana murna. Da ta shige ya miƙe da ƙyar, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin girki yana kallon igiyar da ta rage tana lilo. Ya daɗe a tsaye.

"Ba laifinta ba ne," ya ce da ni. "Kai ka ɗauko 'yar mutane ka kawo gida, ko rufin ɗaki ba ka nuna mata ba. Kada wanda ya faɗa mata."

Wannan umarnin bai kai magariba ba. Inna na dawowa ta ɗaga kai ta rafka salati, har maƙwabta suka leƙo. Matata ta kwana uku tana kuka, ta ce in mayar da ita gidansu tun da ta kashe wa tsoho aikinsa. Baba ya aika aka ce mata ta yi shiru, gero ne ba rai ba. Amma ni na ga abin da ya same shi. Gwiwoyinsa sun riga sun fara ciwo, ya ce da Inna wata shekara taran ba ta jikinsa. Ya daina zancen iri ɗungurum. Na sayo masa na ledar da na daɗe ina talla, ya karɓa ya yi godiya. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo.

Ruwan farko ya sauka. Bayan kamar mako guda da safe, ina shirin tada babur, matata ta riƙo hannun rigata ta ja ni bayan ɗakinta. A jikin danga, cikin ruɓaɓɓen ƙaiƙayi, ga tsiron gero nan cunkus, wanda kaji suka rage. Ta riga ta kife musu tsohon kwando, ta kewaye da ƙaya. Ta ce in kira Baba, ita ba za ta iya ba.

Ya zo ya tsugunna, ya sa yatsa ya tona gindin ɗaya.

"Nan kika yi sheƙa ranar?"

"Nan ne, Baba. Ban san inda juji yake ba."

Sai ya tuntsire da dariya, wadda rabonmu da jin ta tun ranar furar. Da ta san juji, da ƙaiƙayin ya haɗe da na sauran gero, ba mai iya bambance su. Ta bari ya gama, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Baba, ni na ɓata. A koya mini in gyara."

Ya ba ta fegin da ke manne da gida, suka yi dashe tare, bai fi kara arba'in ba. Mutane suka yi ta magana, wai an sa 'yar birni noma. Baba ya ce shi ya ba ta izini, mai ƙorafi ya same shi a zaure. Hannunta ya yi kanta, lalle ya daina zama. Ranar da geron ya fara fitar da kai ta nemi ƙyalle ta rasa, ta ɗauko atamfa daga cikin lefenta ta yaga. Inna ta sake rafka salati, amma wannan karon da dariya ta ƙarasa shi.

Sai da aka yi damina uku kafin irin ya isa rabin gona. Ba ta gaji ba. Da ciki ta bi kunyoyi, da goyo ta bi. Ta koyi gane karan da ya yi sauri don kirki da wanda ya yi sauri don wahala. Baba na zaune a inuwa yana nuni da sanda, tana kawo masa zangarniya yana cewa wannan e, wannan a'a. Daga baya ta fara yi masa gardama cikin ladabi, wani lokacin kuma ita ke da gaskiya. Ni mai takarda aka bar ni da ɗaukar dami, kuma ban taɓa jin daɗin wani muƙami kamarsa ba.

A damina ta shida da yin dashen nan ruwa ya ɗauke da wuri. Lokacin Baba ba ya iya taka ƙafa zuwa gona, idonsa ma ya yi rauni. Ya ce sai an kai shi. Na goya shi a babur muna tafiya a hankali, yana riƙe da kafaɗata, matata na biye da mu a ƙasa. Gonakin da muka wuce sun yi fari, kawunan a tsaye ba nauyi. Namu kuwa ya sunkuya. Ta karyo zangarniya ɗaya, ta murje a tafinta, ta hure, ta zuba masa a hannu. Ya jefa a baki yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa. Muka zuba masa ido.

"Ya yi, Baba?" ta tambaya.

"Ya kusa," ya ce. "Da saura kamar mako guda a rage wa kwanakin nunarsa."

Na buɗe baki zan ce haba Baba, ga shi kowa ya rasa mu mun samu, me kuma ake nema? Bai ko kula ni ba. Ya lalubo inda muryarta take ya juya.

"Ni nawa ya tsaya a nan, 'yata. Makon nan naki ne."

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na rawa. Ni ma na juya ina gyara madubin babur da ba abin da ya same shi. Wannan ce ranar ƙarshe da Baba ya shiga gona.