Shaidun da na kai wa ƙanena Yamai

Ni lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba. Da na iya karanta lambar mota tsohonmu ya ce ya isa haka, ya miƙa ni tasha. Ƙanena anka bari ya yi ta karatu har ya zama likita, ni ko ina jan kamiyon siminti daga Malbaza. Da ya gama anka tura shi wani ƙauye can bayan Bazaga, inda shi ne mai allura, shi ne ungozoma, in injin wuta ya mutu shi ne makanike.

Burinshi ɗaya ne, ya koma karatu ya zama likitan fiɗa. Akwai jarrabawar da suke yi, konkur suke ce mata. Ya yi, ya ci. Sai buron da ke sallamar ma'aikata su tafi karatu ya ce a'a, wai ƙauyen ba ya iya rabuwa da shi. Ƙanena ya ɗauki lauya, aboka muke ce mishi, ya kai ƙara Yamai.

Ni shari'ar da na sani ita ce ta iyakar gona da ta akuyar da ta shiga wake. Wanda ya cika ƙofar hakimi da mutane shi ke da gaskiya. Saboda haka na ce mishi, "Likita, shaidunka nawa?"

"Yaya, wagga kotu ba ta jin shaidu. Dosiye take karantawa, takardun ƙara kawai."

"Kotun da ba ta jin mutane, to ta aljannu ce?"

"Don Allah, Yaya, kar ka sa hannu."

Na ce to. Amma a gidanmu in ƙane ya ce kar ka sa hannu, nauyinka yake ji, kuma aikin babban wa shi ne ya sa hannun. Na tafi wurin mai garin na ce an danne wa likitanku hakki, ina son masu zuwa su faɗi aikinshi. Bai tambaye ni wane hakki ba, ni ma ban ga dalilin tsawaita magana ba. Na ari bas wurin wani abokina a tashar Ƙonni, ta cika har da masu zama bisa buhu. Akwai tsohon da sa ya soke a ciki, akwai Bafillacen da maciji ya sara, akwai wata tsohuwa da ya karɓi haihuwar jikokinta tagwaye. Kowa da tabonshi, kowa a shirye yake ya ɗage riga.

A Dogon Dutsi munka tsaya salla da cin abinci. Nan tsohuwar ta matso, bakinta cike da goro.

"Direba, in munka ci shari'ar ga, mi za a ba shi?"

"Karatu, Inna. Zai zama babban likita."

"A ina?"

"Yamai, ko ma ƙasar waje."

"To mu fa?"

"Za a aiko muku wani."

Tsohon da sa ya soke ya aje ƙwaryar furarshi. "Da na gabanshi ya tafi haka anka ce muna. Har zuma ta yi gida cikin ɗakin magani."

Daga nan har Yamai ba wanda ya sake yi mini magana. Na ɗauka gajiya ce.

A kotu mai gadi ya ce zaure ba ya ɗaukar kasuwa, sai sunka baje cikin fili ƙarƙashin wani icce. Ƙanena ya fito cikin kwat ɗinshi, ya gan su, ya gan ni. Sai ya dafa bango.

Aboka na gwamnati, wani siriri mai turare, shi ma ya fito shan iska. Ya tsuguna gaban tsofaffin ya gaishe su da Hausa kamar surukinsu.

"Baba, lafiya kunka yi wannan doguwar tafiya?"

Tsoho ya yi wuf ya ɗage riga har wuya. "Ka ga wanga ɗunki? In ba don yaron ga ba da tuni an raba gadona. Don girman Allah ku bar muna shi."

Tsohuwa ta ce, "Ku ba wani karatun, namu ya iya haka nan."

Na ce, "Kai, jama'a, ba haka munka yi da ku ba!"

Bafillace ya ce, "Kai ka ce mu faɗi aikinshi. To shi muke faɗi."

Da anka shiga, abokan ƙanena ya daɗe yana Faransanci. Ɗan abin da na tsinta, cewa yake ƙauyen ba zai mutu ba don mutum ɗaya ya tafi karatu. Da ya zauna, siririn ya miƙe. Ko dosiyenshi bai buɗe ba. Ya roƙi alƙali ya ɗan leƙa taga. Kotun da anka ce mini ba ta jin shaidu, ashe tana da ido. Alƙali ya leƙa, ya tarar da tsoho har yanzu riƙe da riga a sama.

Hukunci bai fito ranar ba, amma da ya fito an kori ƙarar. Aboka ya ce wai akwai wasu dalilai na doka. Mutanen garin dai ni sunka aiko wa kaji da buhun wake, da saƙon Allah ya yi wa direba albarka.

Ƙanena ya ce ni na kashe shi. Ni ban ga abin da na yi ba. Mutane na kai, kuma ba wanda ya yi ƙarya ko ɗaya a cikinsu. In gaskiya ce ke kayar da mutum a kotu, sai a tuhumi kotun.

Yana nan ƙauyen har yau, furfura ta fara fito mishi. An ce shekarunshi sun wuce na shiga konkur. Da Salla yakan zo gida, ya tsuguna ya ce, "Yaya, ina wuni," in ce lafiya lau, ya tashi ya koma wajen yara.